Ikon Allah a Numfashin Kifi: Yadda Iskar Ɗakinmu Ke Kaiwa ga Jininsa

A manyan otal-otal, da zaurukan jira na wasu asibitoci, da falon masu hali a Kano, Kaduna, Abuja da Yamai, ba baƙon abu ba ne yanzu mutum ya tarar da akwatin gilashi cike da ruwa, fitila na haska shi, kifaye ja da ruwan ɗorawa da shuɗi suna kai da komo a ciki. Yara kan manna hanci a jikin gilashin su ƙi tafiya. Babba ma idan ya zauna kusa sai ya ji ransa ya yi sanyi. Abin da ido ke nuna wa mai kallo shi ne an raba duniya biyu da bango, tamu ta iska a waje, tasu ta ruwa a ciki, babu ruwan wani da wani. To, a nan ido bai faɗi gaskiya ba. Gilashi ya hana ruwa zubewa, amma bai hana iska shiga ba. Duk abin da aka fesa a ɗakin, ko aka ƙona, ko aka soya, ko aka shafa wa bango, yana da hanyar da zai bi har ya isa jinin kifin nan. Hanyar kuwa ita ce wadda Mahalicci Ya buɗe masa domin ya rayu.

Ba za a gane wannan ba sai an fara sanin talaucin ruwa. Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ne, kuma lita ɗaya ta iska tana ɗauke da kimanin miligiram 280 nasa. Lita ɗaya ta ruwan daɗi kuwa, idan ɗuminsa ya kai digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, iyakar abin da za ta iya riƙewa bai wuce miligiram 8 da 'yan kai ba. Ratar ta fi ninki 30. Idan aka tattara duk oksijin da ke cikin tanki mai lita 100, ba zai cika giram ɗaya ba, kuma mutum baligi yana zaune ba ya aikin komai zai shanye shi kafin minti 3. Ga ruwa da nauyi, ya ninka iska wajen sau 800, don haka turo shi ta baki a fitar da shi aiki ne mai cin ƙarfi. Zafi kuma yana ƙara tsananta lamarin. Ruwan da ke gab da daskarewa yana riƙe fiye da miligiram 14, amma a digiri 30 sai ya koma 7 da rabi, alhali a lokacin ne jikin kifi ke ƙara buƙata, tun da ɗumin jikinsa na bin ɗumin ruwan da yake ciki. A bazararmu ke nan buƙata na hawa, guzuri na sauka.

A cikin wannan ƙarancin Allah Ya zaunar da dubban nau'o'in kifi, Ya kuma ba su abin da za su tatsi rabonsu da shi. Duk macen da ta iya sayen ɗanyen kifi ta san inda ake dubawa: a ɗaga murfin da muke kira kunnen kifi, idan naman ciki ja ne jawur to kifin sabo ne, idan ya dusashe ya kwana. Wannan jan naman shi ne manumfasar kifi, kuma janta jini ne da ake hangowa ta cikin fata mai tsananin siranta. A kowane gefen kai akwai lanƙwasassun ƙashi guda 4. A kan kowanne akwai jeri biyu na siraran zaruruwa, a kan kowane zare kuma akwai ɗimbin 'yan mitsi-mitsin faya-fayai da ido ba ya rarrabewa sai da madubin likita. A cikin faya-fayan nan ne jini ke gilmawa, kuma abin da ya raba shi da ruwan waje bai wuce 'yan kaso kaɗan cikin dubu na milimita ba. Gashin kan mutum ya ninka shi kauri sau da yawa. A jikin kifin tuna na teku, mai tsananin gudu, katangar ba ta ma kai kaso ɗaya cikin dubu na milimita ba.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne alƙiblar da jinin ke bi. Ruwa na shiga ta baki ya ratsa faya-fayan ya fita ta ƙarƙashin murfi, jini kuwa yana tafiya ne kishiyar ruwan, suna gaba da gaba. Da a ce hanya ɗaya suka dosa tare, da kafin su yi nisa oksijin na jini ya yi kunnen doki da na ruwa, musaya ta tsaya cik, kifi ya tashi da rabi ko ƙasa da haka. Amma da yake sun saɓa, jinin da ya kusa ƙoshi shi ke haɗuwa da sabon ruwa mai cikakken oksijin, jinin da ya taho a galabaice kuma ya haɗu da ruwan da aka riga aka tatsa, wanda duk da haka ya fi shi. A kowane taku ruwa na da abin bayarwa, jini na da wurin karɓa. Da wannan tsari wasu kifaye ke kwashe har kashi 80 cikin 100 na oksijin da ke ruwan da ya ratsa su. Mu 'yan Adam muna shaƙar iska mai kashi 21 mu fitar da mai kashi 16, wato kwata kawai muke ɗauka. Injin wankin ƙoda da ke asibitocinmu a kan wannan dabara yake aiki, jinin majiyyaci ya bi nan, ruwan wanki ya bi akasinsa. Likitoci da injiniyoyi sun kai gare ta bayan dogon nazari, ɗan ƙaramin kifin da bai kai yatsa ba kuwa da ita aka halicce shi. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ƙaga ba tare da koyi da kowa ba.

Kuma ba numfashi kaɗai manumfasa ke yi ba. Ta nan kifi ke zubar da mafi yawan amoniya, dattin da jikinsa ke samarwa bayan ya ci abinci. Ta nan kifin ruwan daɗi ke jawo gishirin da jininsa ke buƙata daga ruwan da kusan babu gishiri a cikinsa. Gaɓa ɗaya tana aikin huhu, tana taya ƙoda, tana daidaita jini. Gaɓar da aka ɗora wa wannan kaya ba ta da damar rufewa ko na minti ɗaya. Mutum idan ya ji wari yakan toshe hanci, ya riƙe numfashi, ya yi tari ko atishawa, in abin ya ƙi ya fita waje. Kifin gilashi ba shi da ko ɗaya daga ciki. Ko fatar ido da zai runtse ba a ba shi ba. Bugu da ƙari, zuciyar kifi tana tura jini zuwa manumfasa, daga can sai ya zarce kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Gubar da aka haɗiya takan fara biyawa ta hanta a rage mata kaifi, amma wadda ta shiga ta manumfasa tana isa ƙwaƙwalwa kafin hanta ta san da zuwanta.

Masuntanmu na dā sun san wannan a aikace. Sukan daka ganyen majimfa ko ɓawon aduwa su zuba a gurbin ruwa, jim kaɗan kifi ya taso sama yana layi, a kwasa da hannu, a kai gida a dafa a ci lafiya. Sinadarin da ke cikin majimfa, wanda masana ke kira rotinon, yana ratsa manumfasa cikin sauƙi ya hana ƙwayoyin jiki amfani da oksijin, alhali hanjin mutum bai cika tsotsarsa ba. Ɓarnar wannan su ita ce ba ya barin babba ba ya barin ƙarami, shi ya sa dokar kamun kifi ta cikin gida da Najeriya ta yi a 1992 ta haramta kama kifi da guba. Na kawo wannan ne don a ga cewa abin da bai cika cutar da ɗan Adam ba yana iya zama ajalin kifi, ba don kifi rago ne ba, sai don ƙofarsa a buɗe take.

Saura yadda abin da ke iska ke faɗawa ruwa. Wani masanin haɗa sinadarai mutumin Mancesta a Ingila, Wiliyam Henri, ya bayyana ƙa'idar a 1803: gwargwadon yawan wata iska a saman ruwa, gwargwadon abin da zai narke a cikinsa. Iyayenmu mata ba su jira shi ba. Wadda ta wanke randa ta kifa ta a kan kaskon turare, ta bari hayaƙi ya kama cikinta, sannan ta zuba ruwa, ta san mai sha zai ji ƙamshin a maƙogwaronsa. Tankin kifi randa ce da ake turarawa dare da rana da duk abin da ke yawo a ɗaki. Bambancin kawai, ita randa sha ake yi a wuce, shi kuwa tanki akwai mai rai zaune a cikinsa.

Mai kiwon kifin ado ma da kansa yake ƙara buɗe hanyar, kuma dole ce ta sa. Saboda talaucin ruwa da muka ambata, sai ya sa ɗan famfon iska mai siririn tiyo, kumfa na tasowa daga ƙasan tanki yana motsa saman ruwa don oksijin ya shiga. Famfon ba ya ƙera oksijin, iskar ɗaki yake zuƙa ya tura ta cikin ruwa yadda ya same ta. Ƙaramin famfo mai tura lita 2 a minti zai ratsa ruwan da lita 2,880 na iskar ɗaki a kwana ɗaya. A ina kuma ake ajiye shi? Yawanci a ƙasa, a bayan kabad, ko cikin lungun da ba a son baƙo ya gani. Nan ne daidai inda mai fesa maganin sauro da kyankyaso ke fara nufa da gwangwaninsa.

Maganin sauro na fesawa shi ne babban makashin kifin gida, kuma labarinsa abin al'ajabi ne mai zaman kansa. Asalinsa wani farin fure ne da ake kira fairetiram, wanda ake nomawa a tsaunukan Kenya, Tanzaniya da Ruwanda. Allah Ya ajiye a cikinsa sinadarin da ke kashe ƙwari, kuma mutane sun daɗe suna shanya furen su niƙa. Sai dai hasken rana na saurin kashe masa ƙarfi. Masana suka shiga kwaikwayonsa a ɗakin bincike. A 1949 aka haɗa aletirin a Amurka, sannan a farkon shekarun 1970 Maikel Eliyot da abokan aikinsa a cibiyar binciken noma ta Rotamsted a Ingila suka samar da fametirin da deltametirin, waɗanda ke jure rana. Wannan dangi, da ake kira fairetiroid, shi ne a cikin mafi yawan gwangwanayen fesawa na yau. Aikinsa a jijiyoyin saƙo yake. A jikin kowace jijiya akwai 'yan ƙofofi da ke buɗewa su rufe cikin ƙiftawar ido don saƙo ya wuce. Maganin yana hana su rufewa, jijiya ta yi ta harba saƙo babu ƙaƙƙautawa, sauro ya kama makyarkyata, ya shanye, ya faɗi.

Mu ma muna da irin waɗannan ƙofofi. Abin da ya rufa mana asiri shi ne namu ba su cika jin maganin kamar na ƙwaro ba, ga ɗumin jiki da ke rage masa ƙarfi, ga hanta mai saurin wargaza shi. Kifi bai samu wannan gata ba. Jikinsa na jinkirin narkar da shi ƙwarai, kuma maganin ba ya ƙaunar ruwa, maiƙo yake so. Da ɗigonsa ya sauka a tanki sai ya nemi abin da zai manne wa, kuma babu abin da ya fi kusa da shi kamar fatar manumfasa da ruwa ke wanke ta kowane daƙiƙa. A gwaje-gwajen ɗakin bincike, 'yan mikrogiram kaɗan a lita ɗaya, wato 'yan kaso cikin miliyan na giram, sukan kashe rabin kifayen da aka gwada. A tanki mai lita 100, miligiram ɗaya tak ya kai wannan mizani, alhali ƙwayar shinkafa guda tana kai miligiram 20. Masu ajiye 'yan jatan lande na ado su ne suka fi shiga uku, don jatan lande ɗan'uwan ƙwaro ne a halitta, abin da ya kashe wannan ba zai bar wancan ba. Kyanwa ma, duk da dabba ce mai shayarwa, hantarta ba ta iya fametirin ba, shi ya sa maganin ƙuma na kare kan kashe ta.

Maganin sauro na kunnawa ma daga gidan fairetiram ya fito. Wani ɗan kasuwa a Japan, Eiciro Uyeyama, shi ya fara cuɗa garin furen ya yi sandunan ƙonawa a ƙarshen ƙarni na 19. Sandunan ba sa daɗewa suke cinyewa, sai matarsa Yuki ta ba shi shawarar ya naɗe su kamar gammo don su kai dare, kuma wannan siffa ce har yau muke saye a kanti. Hayaƙinsa na ɗauke da maganin, ga kuma toka mai laushi. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa ƙurar hayaƙin naɗi ɗaya tana iya kai ta karan sigari 75 zuwa 137. Sai uwa uba fiya-fiya, wadda ake yayyafawa a lungu da ƙarƙashin gado. Sinadarin da aka fi samu a cikinta, daikulobos, maganin ƙwarin gona ne, kuma ƙarfinsa a tururinsa yake, tashi yake yi ya cika ɗaki. Yana hana jiki goge saƙon jijiya bayan ya isar, tsoka ta ɗaure ta ƙi saki. Wannan ba kifi kaɗai ba, mai gidan da 'ya'yansa ma ba su tsira ba.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kamar yadda alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya ke nunawa game da Najeriya, ba za a ce mata ta yi sulhu da sauro saboda kifin falo ba. Ran yaro yana gaba. Abin da nake gani shi ne rigimar ba ta kai yadda ake zato ba. Gidan sauro mai magani yana kare mai barci ba tare da ya cika ɗaki da feshi ba, don maganinsa a jikin zaren yake zaune. Ragar taga tana aiki shekara da shekaru ba ta fitar da komai. Sai dai a tuna maganin da ke jikin gidan sauron dangin fairetiroid ne, saboda haka ba a wanke shi a rafi ko tafki, ba a zuba ruwan wankinsa kusa da kududdufin kifi, balle a mai da shi komar kamun kifi yadda ake yi a wasu gaɓoɓin tafkunan Afirka.

Sauran abubuwan ba su kai maganin sauro saurin kisa ba, a hankali suke ci. Tururin mai daga kicin da hayaƙin turaren wuta sukan sauka su shimfiɗa wani siririn maiƙo a saman ruwa, wanda ake ganin ƙyallinsa idan an duba ta gefe, kuma yana rage shigar oksijin a daidai wurin da yake shiga. Ba na cewa uwargida ta daina turara ɗakinta, kasko dai kada ya zauna kusa da tanki, taga kuma ta kasance a buɗe. Nikotin na taba yana narkewa a ruwa, kuma guba ce da aka daɗe ana kashe ƙwari da ita. A wasu ƙasashen Asiya har dusar taba ake zubawa a tafkin kiwo don a share kifayen da ba a so kafin a zuba sababbi. Sabon fenti, da tina, da gam, da turaren fesawa duk suna sakin tururi. Wanda ya fi ban takaici shi ne ruwan goge gilashi, don da niyyar gyara ake ɗauko shi. Da yawansa akwai amoniya a ciki, ita kuwa amoniya tana rugawa cikin ruwa, kuma ita ce ainihin dattin da kifi ke fama ya fitar. A cikin matacin tanki, wato abin da ke tace ruwansa, akwai ƙwayoyin bakteriya da aikinsu ke nan, su cinye amoniya su mai da ita abu mai sauƙin illa, irin ƙwayoyin da masanin Rasha Sagei Winogiradiski ya gano a 1890. Amma iyakar ƙarfinsu abin da kifi ke fitarwa kullum, ba feshin kwalba ba. Ko numfashinmu ma yana shiga lissafi. Iskar kabon dayoksaid a waje kimanin 420 ce cikin miliyan, amma a ɗakin da aka rufe da mutane a ciki takan haura 1,000, ta narke a ruwa ta ƙara masa tsami.

Akwai kuma kifayen da ba sa jiran ruwa ya kawo musu iskar ɗaki, da bakinsu suke ɗauka. Tarwaɗa tana da wata gaɓa mai rassa a saman manumfasarta da take shaƙar iska da ita, shi ya sa take daɗewa a bahon mai talla da ɗan ruwa kaɗan tana motsi. Gaiwa ta fi ta, huhu gare ta na gaske, har idan aka hana ta tasowa sama sai ta nutse ta mutu, ga ta kuwa kifi. Idan fadama ta ƙafe sai ta tona laka ta shige, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta ya bushe ya zama kube, ta bar 'yar kafa a saitin baki, ta rage aikin jikinta ƙwarai, ta kwanta wata da watanni har damina ta dawo. Allahu Akbar. A cikin kifayen ado akwai beta, ɗan asalin fadamun shinkafa na Tailan, mai dogayen fuka-fukai masu launi, wanda kan taso ya haɗiyi iska lokaci zuwa lokaci. Saboda yana jure ruwa maras oksijin sai ake sayar da shi a 'yar kwalba babu murfi. Juriyar ce ta ja masa: yana shaƙar iskar ɗaki kai tsaye, ruwansa kuma kaɗan ne, ɗigon da zai ɓace a babban tanki a wurinsa guba ce mai kauri. Masu kiwon tarwaɗa a tankin roba ko na siminti a bayan gida su ma abin ya shafe su, musamman idan maƙwabci na feshin gona ko an ajiye janareta a gindin tankin.

Hazon hunturu kuwa, da ke shiga ko ta ina ya kwanta a saman ruwa, illarsa kaɗan ce, murfi da mataci sun ishe shi. Amma ba zan wuce shi ban faɗi abin da ke cikinsa ba. Kaso mai yawa na wannan ƙura daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, wurin da a dā can ƙasan wani makeken tafki ne da Tafkin Chadi na yau ragowarsa ce. Masu bincike sun samu ɓurɓushin ƙaya da ɓawon kifayen wancan tafki a cikin ƙasar wurin, kuma daga gare su ake samun wani ɓangare na sinadarin fosfaras da ƙurar ke ɗauke da shi. Iska na kwasar ƙurar Sahara ta tsallaka da ita Tekun Atilantika, kuma a 2015 masanan hukumar NASA suka ƙiyasta cewa wajen tan miliyan 27 na sauka a dajin Amazon duk shekara, yana zame masa taki. Kifin da ya mutu shekaru dubbai da suka wuce a tsakiyar Afirka yana ciyar da itatuwa a Kudancin Amurka. Wa ya isa ya tsara wannan in ba Shi ba?

Raunin ƙaramar halitta ya sha zama rahama ga babba. Masu haƙar kwal a Birtaniya sun yi ta shiga rami da tsuntsun kanari a keji, bisa shawarar masani Jon Sikot Halden, don tsuntsun kan riga mutum jin iskar kabon monoksaid. Idan ya faɗi sai kowa ya nemi hanyar fita. Sai a 1986 aka daina. A 2006 aka ruwaito cewa biranen Niyok, Washinton da San Faransisko suna ajiye wasu ƙananan kifaye a ruwan da za a raba wa jama'a, na'ura na bibiyar numfashinsu, da ya sauya sai ta sanar da ma'aikata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, galibi hayaƙin girki da itace, gawayi da kananzir, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Idan kifayen falo suka taso sama suna haki bayan an yi feshi ko an kunna wani abu, jaririn da ke kwance a ɗakin iskar nan yake shaƙa shi ma.

Wanda ya ɗauko kifi daga inda Allah Ya ajiye shi ya sa a gilashi ya ɗauki amana, don ya raba shi da kogin da zai tsarma guba da kuma hanyar gudu. Hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, sananne ne a Bukhari da Muslim, kuma ban ga abin da zai fitar da iskar shaƙa daga cikin haƙƙin abin da aka tsare ba. Sauke haƙƙin ba shi da tsada. Tanki ya zauna nesa da kicin da inda ake turare ko shan taba, da murfinsa. Gilashinsa a goge da tsumma mai ɗanshi, in kuwa dole sai an sa wani abu to a zuba a tsumman a wani ɗaki. Hannun da ya taɓa sabulu, man shafawa ko maganin sauro a ɗauraye shi sosai kafin a tsoma. Ranar feshi ko fenti, in tankin ƙarami ne a fitar da shi. In babba ne a kashe famfon iska tukuna, a lulluɓe tankin ruf da leda a ɗora tawul, a yi feshin, a buɗe tagogi iska ta wanke ɗakin, sannan a yaye a kunna. Masu haɗa maganin da kansu kan rubuta wannan gargaɗi a jikin gwangwani, karantawa ce ba mu cika yi ba. Sai dai kada a manta da shi a lulluɓe, musamman a bazara, don kifin da bakteriyar mataci duka suna cin ɗan oksijin da ya rage. In aikin zai ɗauki yini, gara a kai famfon waje inda iska ke da kyau a jawo dogon tiyo.

Idan kuwa ta riga ta faru, alamunta ba sa ɓuya: kifi na haki a saman ruwa, murfin kunnensa na bugawa da sauri, yana zabura ba dalili, yana karkarwa ko juyawa a gefe ɗaya. A buɗe ƙofa da taga, a kwashe rabin ruwan a zuba sabo mai ɗumi ɗaya da na ciki, a maimaita bayan 'yan sa'o'i. Ruwan famfo sai an kashe masa kulorin da maganin da ake sayarwa don haka, na burtsatse kuma yakan fito da ƙarancin oksijin, sai an kaɗa shi. Maiƙon sama ana ɗebe shi da takarda mai tsotsa, a shimfiɗa a ɗaga. Daga nan sai a sa gawayin tace ruwa a cikin mataci. Wannan gawayi ne da ake yi da ɓawon kwakwa ko itace, a gasa shi da tururi mai tsananin zafi har ya cika da ramuka, ta yadda faɗin cikin giram ɗaya kan haura murabba'in mita 500, kuma irin gubar da ke gudun ruwa tana saurin maƙalewa a cikinsu. Gawayin girki ba zai maye gurbinsa ba. Shi ma na tacewar cika yake yi, don haka wanda aka sa bayan feshi a cire shi bayan 'yan kwanaki a zubar, a sa sabo.